Gahawar Da Aka Riga Aka Sha

Shafi na 31

Masu aiko mini da saƙo cewa na bar Rudaina a kan hanya, na ji ku. Gajiya ce ta kama ni, ita ma da tata gajiyar ta iso gida. Wanda ya shigo yanzu, ga inda muke: Rudaina 'yar majalisa ce daga ɓangaren adawa. Ranar Lahadi za ta miƙe a zauren majalisa ta titsiye minista a kan Bankin Sunbula da ya rufe ƙofa da ajiyar talakawa a ciki, da kuma asusun samar wa matasa aiki da ya shiga bankin bai fito ba. Yau Alhamis, ta baro Amman ta taho garinsu.

*

Tun daga kwanar masallaci ta hango motoci jere a ƙofar gidansu. Gabanta ya faɗi, don irin wannan taron ba ya wuce biki ko rasuwa, kuma babu wanda ya kira ta.

Tana tsayawa dattawa suna fitowa daga zauren baƙi, kowa da jan hiraminsa, ana rungume-rungume. A gabansu akwai Abu Saɗɗam, shugaban dangin da ke ƙetaren kwari. Ƙanin mahaifin Nayif ne, shi kuwa Nayif shi ne shugaban bankin, mutumin da ta yi niyyar kiran sunansa ranar Lahadi.

Dattijon ya dafa ƙirji yana murmushi.

“Sannu da hanya, 'yar ɗan'uwana. Ubanki mutum ne. Allah ya ƙara wa gidan nan daraja.”

“Amin, Baffa,” ta ce, ba tare da ta san abin da take cewa amin a kansa ba.

Ta zagaya ta ƙofar mata. A madafa ta tarar da manyan farantan kunafa guda biyu, kayan zaƙin da ake rabawa ranar neman aure, ko yanka su ba a yi ba, cukun ya daskare. Ummarta tana zaune a kan kujerar roba ta yi tagumi. Ƙanwarta Lamis tana tsaye jikin taga cikin rigar da ta ɗinka tun sallah ba ta taɓa sawa ba, kwalli ya zubo mata har kumatu.

“Umma, lafiya? Wa ya rasu?”

“Babu wanda ya rasu.”

“To kunafar mece ce wannan?”

Lamis ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

“Ta aurena ce, Yaya. Ɗebi ki ci.”

Umma ta ja numfashi. “An ce mana mutanen Abu Saɗɗam za su zo nema wa ɗansu Lamis. Kin san yaran suna son juna, matan gidan Abu Saɗɗam ma sun sha zuwa suna kewaye-kewaye. Muka yi shara, muka aika aka kawo kunafa. Ina nan bayan ƙofa na haɗa hannu a baki, guɗa kawai nake jira in rangaɗa.”

“Sai me ya faru?”

“Aka zuba musu gahawa, suka ajiye.”

Wannan ba abin mamaki ba ne. Wanda ya zo da buƙata ba ya shan gahawar mai gida, ajiye finjalin yake a gabansa har sai an biya masa. Mai gida kuwa idan ya ce a sha, to ya bayar ke nan, ko da wuyansa aka zo roƙo.

“Kin san halin ubanki,” in ji Umma. “Ba ya son baƙo ya daɗe da finjali a ƙasa. Abu Saɗɗam bai gama salati ba ya tare shi. Ya ce ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema naku ne.”

Rudaina ta ajiye jakarta a hankali.

“Kafin su faɗi abin da ya kawo su?”

“Kafin su faɗa.”

“Suka sha?”

“Har da girgiza finjali, alamar ta ishe su,” in ji Lamis. “Sannan Abu Saɗɗam ya gyara murya ya ce ba aure ya kawo su ba. Wai sun zo roƙon 'yar gidan nan ta janye tambayarta ranar Lahadi, kada ta kira sunan Nayif a majalisa. Ni ko sunana ba a ambata ba.”

Rudaina ba ta yi ihu ba, ba ta da ƙarfin yinsa. Ta jawo kujera ta zauna, ta cire takalmanta da suka matse ta tun safe. Wata da watanni tana bin wannan magana ofis-ofis. An ɗage mata zama, an kashe mata lasifika tana tsakiyar magana, an kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Da ƙyar aka sa mata rana. Duk hanyar da ta zaci za su biyo ta tare ta, ashe ta zauren ubanta za su shigo.

“Wa ya ce muku aure ne?”

Umma ta dubi farantin kunafa. Lamis ta dubi Umma.

“Na ce wa ya kawo labarin?”

“Yayanku,” in ji Umma, muryarta can ƙasa.

*

A zaure ta same shi yana tattara finjalai a cikin kwanon ruwa. Mijhim shi ne babba a gidan, da sunansa ake kiran mahaifinsu Abu Mijhim. Injiniya ne a takarda. Ya gama karatu tun Lamis tana firamare, har yau bai taɓa karɓar albashi ba. Furfura ta fara fito masa a gemu, yarinyar da aka sa musu rana ta gaji da jira ta auri wani malamin makaranta.

Mahaifinsu ba ya nan, ya shiga ciki yin alwala.

“Yaya.”

“Ranki ya daɗe, 'yar majalisa. An iso?”

“Kai ka ce wa Baba aure ne?”

Ya ci gaba da ɗauraye finjali.

“Haka na zata.”

“Dube ni ka sake faɗa.”

Bai dube ta ba.

“Kai ka zuba musu gahawar?”

“Wa zai zuba? Ai aikin da na iya ke nan. Injiniyan buta.”

“Me suka yi maka alkawari?”

Sai yanzu ya ɗago. Ta zaci za ta ga kunya a idonsa, amma gajiya kawai ta gani, irin wadda take gani a madubi.

“Aiki a kamfanin Nayif na tashar jirgin ruwa. Farkon wata zan fara.”

“Kai da ka kwana a rumfar marasa aiki a gaban ofishin gwamna? Kai da sanyi ya kusa kashe ka a can?”

“Ni ɗin dai. Kuma me rumfar ta ba ni? Tari.”

“Yaran da kuka kwana tare suna can har yanzu, Yaya. Asusun da aka ce an buɗe dominsu ne ya shiga bankin Nayif ya narke. Tsofaffin sojoji suna tsaye a ƙofar banki kullum kamar masu bara, a kan guminsu. Tambaya ɗaya zan yi wa minista: wa ya sa hannu aka kai kuɗin can, kuma wa aka hukunta. Shi ke nan.”

“Shi kuma ya ce miki an kafa kwamiti.”

“Ko da hakan ne, a ji sunan a bainar jama'a.”

“A ji, sai me?” Ya ajiye finjalin. “Rudaina, sau nawa kika miƙe a zauren nan? Kin yi magana a kan rashin aiki, muka tafa. Kin yi a kan tsadar burodi, muka tura wa juna a waya. Gwamnati ta tafi, wata ta zo da mutanen jiya, kujeru kawai suka musanya. Ke kina samun tafi, ni ina karɓar kuɗin sigari a hannun Umma. Da gemuna.”

“Shi ya sa ka sayar da bakin ubanka?”

“Ban sayar ba. Cewa na yi baƙi za su zo, ina jin maganar Lamis ce.”

“Ka san ba zai bari su faɗa ba.”

“Kowa a garin nan ya san haka.”

“Su ba su san ranar da zan dawo ba. Ba su san cewa in na iso kafin su zan hana a zuba gahawar ba. Kai ka ce su zo kafin la'asar.”

Mijhim ya koma kan ɗauraye finjalai. Wannan ya ishe ta amsa. Da ɗan gari akan ci gari, ta daɗe da sanin haka a majalisa, ba ta dai taɓa zaton ɗan garin zai zama wanda ya goya ta zuwa makaranta ba.

“Lamis fa?” ta ce. “Ka ga fuskarta?”

Ya kawar da kai.

“Za su dawo mata. Abu Saɗɗam ya ce in komai ya lafa za su dawo.”

“In na yi shiru ke nan.”

“In kin yi shiru.”

“To in ban yi ba?”

Ya goge hannunsa a jikin riga.

“Ke kin fi ni sani. Washegari labari zai zaga cewa Abu Mijhim ya shayar da gahawa a kan magana, 'yarsa ta take. Za a kife butarsa. Babu namijin da zai sake karɓar finjali daga hannunsa, ko a biki ko a makoki. Ba za a sake kiransa sulhu ba. Ke kya koma Amman, mu ne za mu zauna da shi a nan.”

Ta dubi butar da ke kan garwashi. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin ta huce ba. Mahaifinsu ba shi da gona mai yawa, ba shi da mota, fanshonsa ma yana cikin waɗanda suka maƙale a bankin. Abin da ya mallaka a duniya shi ne wannan zaure da mutanen da ke cika shi kowace safiya, da kuma cewa in ya yi magana ta zauna. Ko kujerar da take kai, rabin ƙuri'un a nan aka sha su.

“Ka ɗaure ni da kyau, Yaya.”

“Ni ma a ɗaure nake. Na gaji ne, Rudaina. Wallahi na gaji.”

“Duk mun gaji. Amma ba kowa ya kai wa Nayif makullin gidansu ba.”

Ya buɗe baki zai amsa, sai suka ji sandar mahaifinsu a kan dakali.

*

Abu Mijhim ya shigo a hankali, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. A ɗan lokacin nan ya tsufa. Rudaina ta tashi ta sumbaci hannunsa ta ɗora a goshi.

“Kin iso lafiya, 'yata?”

“Lafiya, Baba.”

“Hanya ba cunkoso?”

“Babu sosai.”

Ya juya wajen ɗansa.

“Kai, fita.”

“Baba, ni dai...”

“Na ji duk abin da kuka faɗa, bangon nan ba kauri gare shi ba. Fita. Ba yau zan yi magana da kai ba, don in na yi yau zan faɗi abin da ba ya komawa. Na riga na yi irinta sau ɗaya tun rana ba ta faɗi ba.”

Mijhim ya ɗauki kwanon finjalai ya fita, kansa a ƙasa.

Tsohon ya tsaya yana kallon wurin da baƙin suka zauna.

“Baba, yaudararka aka yi,” in ji Rudaina. “Kowa zai gane. A kira dattawa a faɗa musu yadda aka yi.”

“In ce musu me? In ce ɗana ya yi mini ƙarya, ni kuma na yi gaggawa kamar yaro? In tona wa Mijhim asiri a gaban dangi biyu, sannan in ce a dawo mini da gahawar da ta riga ta shiga ciki?”

“Ai ba ka san abin da za su roƙa ba.”

“Wa ya hana ni tambaya? Cewa na yi abin da kuka zo nema naku ne. Ban ce in aure ne ba. Magana zarar bunu ce, 'yata.”

“Amma bakina ka bayar, Baba, ba naka ba. Kuma bakin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Mutane ne suka ba ni aro.”

“Na sani.”

“Ummu Rakan, tsohuwar nan ta garinmu, ta sayar da awarwaronta ta sayi maganin hawan jini, kuɗin mijinta marigayi suna cikin bankin nan. Kai ma naka suna ciki.”

“Nawa na yafe.”

“Nata fa? Kai za ka yafe mata?”

Ya yi murmushin da bai kai ido ba.

“Da ke namiji ce da an huta da ke a wajen sulhu.”

“Da ni namiji ce da ina cikin zauren nan lokacin da aka ajiye finjalan. A kaina aka zo, amma ko kujera ba ni da ita a inda aka yanke.”

Bai musa ba. Ya jima yana jan carbinsa.

“Ranar da kika ci zaɓe,” ya ce, “mutane suka ce Abu Mijhim ya tura mace ta yi masa faɗa da gwamnati. Na ce eh, na tura, don ta fi mazanku baki. Duk lokacin da aka nuno ki a talabijin kina magana, nan nake tara su mu kalla. Ba na gane rabin abin da kike faɗa a kan banki, amma na san ba ki taɓa yin ƙarya ba. Kada ki zaci ban san abin da ke hannunki ba.”

“To ka bar ni in faɗa.”

“In na bar ki, ranar Litinin in buɗe ƙofar nan wa zai shigo?”

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta taɓa ganin wanda aka yi wa haka tana ƙarama, wani dattijo a unguwar gabas da ya saɓa alkawarin sulhu. Ba a zage shi ba, ba a doke shi ba. Ana gaishe shi a hanya, a masallaci a matsa masa wuri. Gahawarsa kawai aka daina sha. Kullum zai dafa, ta huce, ya zubar a gindin zaitun. Bai shekara ba aka yi jana'izarsa, kuma a makokin ma baƙi ruwa suka sha.

Tausayin ubanta ya kama ta, haushinsa kuma bai sake ta ba.

Abu Mijhim ya jingina sandarsa da bango. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki butar daga kan garwashi da hannun hagu, ya zaro finjali ɗaya da ya rage a kan tire. Ta miƙa hannu za ta karɓe shi, don ba a barin babba ya zuba.

“Bari,” ya ce. “Zauna can.”

Ya nuna mata wurinsa, shimfiɗar da ke kusa da murhu, inda babu wanda ya taɓa zama sai shi.

“Baba, nan wurinka ne.”

“Zauna na ce.”

Ta zauna a ɗarare. Ya zuba gahawa kaɗan a finjalin, ya mayar da butar. Sannan ya taka ya koma can gefen ƙofa, inda baƙi suke zama, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa masu ciwo har ya kai ƙasa.

Ya ajiye finjalin a gabansa bai kurɓa ba.

Rudaina ta zabura.

“Baba, kada ka yi mini haka.”

“Na kai wa manya roƙo, na kai wa ƙanana. Ban taɓa ajiye finjali a gaban mace ba, balle wadda na haifa. Yau na ajiye.”

“Don Allah ka tashi.”

“Baƙo ba ya tashi sai mai gida ya sallame shi. Ke ce mai gida yanzu.”

A bakin ƙofar ciki ta hango Umma ta toshe baki da mayafi, Lamis tana bayanta. Babu wanda ya yi motsi.

Sai wayarta ta fara ruri a aljihu. Ta ciro don ta kashe, ta ga sunan Ummu Rakan. Yatsanta ya zame, muryar tsohuwar ta cika zauren.

“Rudaina, 'yar albarka, kin iso? Ba zan tsare ki ba. Yaran rumfa sun yi karo-karo sun ɗauki hayar mota, ni ma sun ba ni kujera a gaba saboda ƙafata. Da asuba za mu taso ranar Lahadi. So nake in ji da kunnena lokacin da za ki kira sunansa. Sun ce in tambaye ki, ta wace ƙofa ake shiga majalisar?”

Rudaina ta riƙe wayar, idonta a kan finjalin.

“Rudaina? Kina jina?”

Tururin da ke tashi daga finjalin ya fara raguwa. Mahaifinta bai dubi wayar ba, ita yake kallo.

“Gahawata tana hucewa, 'yata,” ya ce.